Me Kiristoci ke nufi da cewa ƴanci na gaskiya yana cikin dogaro ga Allah?

A daren 17 ga watan Satumba na 2018, wasu ƴan bindiga a kan babura suka shiga Bomoanga, wani ƙauyen Gurmawa da ke yankin Makalondi a jihar Tilaberi, kusa da iyakar Burkina Faso. Suka yi awon gaba da limamin cocin Katolika na garin, Pier Luigi Maccalli, ɗan ƙasar Italiya da ya shekara 11 yana aiki a wurin. Ba a sake ganinsa a fili ba sai ranar 8 ga watan Oktoba na 2020, lokacin da aka kai shi Bamako tare da jagoran ƴan adawar Mali, marigayi Soumaïla Cissé, da Bafaranshiya Sophie Pétronin, da wani ɗan Italiya mai suna Nicola Chiacchio. Kwana 752 ke nan ya yi a hannun mayaƙa masu alaƙa da Alƙa'ida, mafi yawa a cikin hamada, kuma sau da yawa da sarƙa a ƙafarsa.

A 2021 ya wallafa labarin zamansa a hannunsu cikin harshen Italiyanci, ya raɗa wa littafin suna mai ma'anar "sarƙoƙin ƴanci". Wanda ya ji sunan a karon farko zai ce magana ce mai karo da juna, don kuwa sarƙa da ƴanci ba su zama inuwa ɗaya. Amma Kirista ba zai ji ta baƙuwa ba. Tun ƙarni na farko addininsu ke koyar da cewa mutum ba ya zama cikakken mai ƴanci sai ya jingina rayuwarsa ga Allah, kuma wanda ya yi hakan yana da wani ɓangare a cikinsa da babu mai iya ɗaurewa.

Bisa ƙidayar jama'a ta 2012, Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'ummar Nijar ba. Duk da haka a Maraɗi, Damagaram, Tawa, Dogon Dutsi da Yamai, da yawa daga cikinmu na da maƙwabci ko abokin aiki ko tsohon malamin makaranta Kirista. Mun san suna zuwa coci ranar Lahadi, ana musayar abinci lokacin bukukuwa, amma ba kasafai muke sanin abin da suke tunani a kan manyan tambayoyin rayuwa ba. Ga bayanin wannan koyarwa kamar yadda masu ita ke gabatar da ita, tare da sukar da ake yi mata.

Ƴancin da aka saba magana a kansa

Idan aka ce ƴanci a ƙasar nan, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne ranar 3 ga watan Agusta na 1960, ranar da Nijar ta fita daga mulkin mallakar Faransa. Wanda ya yi ajin tarminal ya sake haɗuwa da kalmar a darasin filozofi, inda ake karanta sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta 1789, wadda ta fassara ƴanci da ikon yin duk abin da bai cutar da wani ba. A fada kuwa, wajen shan shayi, samari sun taƙaita zancen: ba mai sa ni, ba mai hana ni.

Koyarwar Kirista ba ta musa darajar ƴancin ƙasa ko haƙƙin da doka ta ba mutum ba. Tambaya guda take ƙarawa: idan an kori mai mulkin da ke waje, wa ke riƙe da akalar mutum daga ciki?

A ɗauki misalin ɗan kabu-kabu da ya fara haɗiyar taramol don ya jure wahalar aiki. Ranar farko shi ya zaɓa, da kuɗinsa ya saya, ba wanda ya tilasta masa. Bayan shekara guda ya riga ya rantse wa mahaifiyarsa sau biyar cewa ya daina, kuma duk lokacin da ya rantse da gaske yake. Jandarma bai tsare shi ba, ba a kai shi gidan kaso ba, katin zaɓensa na cikin aljihu. Amma abin da yake so ya yi, ya gagare shi. Haka mai caca yake, haka wanda hassada ta hana barci, haka ma'aikacin da ya san cin hanci mugun abu ne amma tsoron talauci ya sa hannunsa ba ya iya mayarwa.

Bulus, wanda Kiristoci ke kira manzo, kuma wasiƙu 13 na Sabon Alkawari ke ɗauke da sunansa, ya siffanta wannan hali a sura ta 7 ta wasiƙarsa zuwa ga Romawa. Mutumin da ya zana ya san daidai, yana kuma son daidai, amma idan aka zo aiki sai ya tarar da kansa a kan abin da yake ƙyama. A sura ta 8 ta Linjilar Yohanna kuma, Yesu Almasihu, wanda Musulmi suka sani da Annabi Isa, ya yi wa masu sauraronsa zancen ƴantarwa. Suka ji haushi, suka tuna masa cewa su zuriyar Ibrahim ne. Ya nuna musu cewa asali ba ya hana bauta, domin wanda zunubi ya zame wa jiki ya riga ya samu ubangida. A idon Kirista wannan ita ce bautar farko, kuma ta shafi sarki da talaka.

Sarƙar da mutum ke ƙera wa kansa

Wanda ya fi kowa zurfafa wannan bayani ɗan Afirka ne. An haifi Agustin a shekara ta 354 a Tagaste, garin Souk Ahras na yanzu a gabashin Aljeriya, ya zama bishop na Hippo, wato Annaba ta yau, ya rasu a 430. A littafin da ya rubuta wajajen shekara ta 400, inda ya fallasa laifuffukan ƙuruciyarsa, ya ba da labarin wata sata da ya yi yana ɗan shekara 16. Shi da abokansa suka shiga gonar maƙwabci da dare, suka kakkaɓe ƴaƴan wata bishiya. Ba yunwa suke ji ba, yana da waɗanda suka fi su daɗi a gida, ƙarshenta ma aladu suka zuba wa. Da ya girma ya binciki kansa, sai ya gano cewa haramcin abin ne ya ja shi. Ya so ya ji cewa babu mai iko da shi, kuma da a ce shi kaɗai ne da bai yi ba. Wato a daidai lokacin da yake jin ya fi kowa ƴanci, idon abokai ne ke juya shi.

Agustin ya bayyana yadda sarƙar ke haɗuwa zobe bayan zobe. Karkatacciyar niyya tana haifar da sha'awa, biye wa sha'awa yana zama sabo, sabon da ba a yaƙa ba kuma yana rikiɗa ya zama dole. Shi kansa ya yi shekaru yana roƙon Allah ya tsarkake shi alhali a ransa yana fatan kada a amsa da wuri. Sai a 386 a birnin Milan na Italiya ya tuba, aka yi masa baftisma a 387.

Darasin da ya fitar shi ne cewa ɗan Adam yana da zaɓi na gaske, amma zaɓin nan ya ji rauni, ba ya iya warkar da kansa. Yana bukatar taimako daga Allah, wanda Kiristocin Hausa ke kira alheri. Wani malami mai suna Pelajiyus ya yi jayayya da shi, yana cewa mutum na iya kiyaye dokokin Allah da ƙoƙarin kansa in ya ga dama. Taron bishop-bishop da aka yi a Kartaj, cikin Tunisiya ta yanzu, a shekara ta 418 ya yi watsi da ra'ayin Pelajiyus.

Ana iya misalta abin da guga. Igiya ce ke ɗaure da guga, kuma ita ce ke sa ya shiga rijiya ya fito da ruwa. Gugan da igiyarsa ta tsinke babu abin da ke riƙe da shi, amma wurinsa ƙasan rijiya. Kuma duk ƙoƙarinsa ba zai hau da kansa ba, sai wani daga sama ya zura ƙugiya. A fahimtar Kirista, zunubi shi ne tsinkewar igiyar, alheri kuma shi ne ƙugiyar.

Ɗa da bawa

Harshen Hausa da kansa yana taimakawa wajen gane matakin da ke biye. Kalmar ƴanci daga ɗa da ƴa ta fito. A zamanin bauta jama'a kashi biyu ce, ƴaƴa da bayi, kuma idan ubangida ya ƴanta bawansa ya shigar da shi sahun ƴaƴa ke nan. Har yau idan aka ce wane ɗa ne, ana nufin mai mutunci ne, ba ya cin amana. Wanda ba shi da kowa a kansa kuwa Bahaushe bai kira shi ɗa ba, ya ce da shi marar mafaɗi. Ɗa yana da uba, yana da gida, yana da gado. Yana iya noma gandu ɗaya da bawa, rana ɗaya ta doke su, amma bawa tsoron bulala ke sa shi duƙawa, ɗa kuwa ya san rumbun da ake cikawa na gidansu ne.

Da wannan hoton Sabon Alkawari ke aiki. A wasiƙarsa zuwa ga Galatiyawa, Bulus ya ce mai ba da gaskiya ya tashi daga matsayin bawa ya koma na ɗa mai gado. A sura ta 15 ta Linjilar Luka akwai misalin da kowane yaron Kirista ya sani. Wani mutum yana da ƴaƴa biyu. Ƙaramin ya nemi rabonsa na gado tun uban yana da rai, ya tafi ƙasa mai nisa don ya rayu ba mai sa shi ba mai hana shi. Dukiyar ta ƙare, yunwa ta faɗo, ya koma kiwon aladun wani yana kwaɗayin abincinsu. Ya yanke shawarar komawa gida ya roƙi a ɗauke shi ɗan ƙwadago. Uban ya hango shi daga nesa, ya sheƙo da gudu ya rungume shi, ya sa aka ba shi riga da zobe, aka yanka masa kiwataccen maraƙi.

Masu wa'azi kan ja hankali ga babban ɗan, wanda bai taɓa barin gida ba. Ya ƙi shiga wurin bikin, yana ƙorafin cewa ya yi shekaru yana bauta ba a taɓa ba shi ko ɗan akuya ba. Shi ma ashe da zuciyar bawa yake zaune a gidan ubansa, yana lissafin lada. Saboda haka misalin yana gargaɗi ga mutum biyu: wanda ya gudu daga Allah da sunan ƴanci, da mai ibadar da ke bin doka don tsoro ko don ciniki.

Yadda dogaro ke kwance mutum

Malaman Kirista kan nuna hanyoyi uku da dogaro ga Allah ke zama ƴanci a aikace.

Ta farko ta shafi iyayengiji. A ganinsu babu ɗan Adam da ke tsaye da ƙafarsa shi kaɗai, kowa da abin da ya jingina a kai. A sura ta 6 ta Linjilar Matiyu an yi gargaɗin cewa bautar Allah da bautar dukiya ba su haɗuwa a zuciya ɗaya. Wanda ya ƙi jingina ga Allah zai jingina ga kuɗi, ko muƙami, ko wani babban mutum, kuma duk abin da ya jingina a kai yana iya yi masa barazana. Ɗan kasuwar da darajarsa duka ke cikin shagonsa bawan shagon ne. Suna kafa hujja da labarin Annabi Musa a littafin Fitowa, inda aka bukaci Fir'auna ya saki Isra'ilawa domin su je su bauta wa Allah. Fita daga hannun Fir'auna da shiga bautar Allah tafiya ɗaya ce.

Ta biyu ta shafi idon mutane. Kiristoci sun yi imani cewa karɓuwa a wurin Allah kyauta ce, ba a sayenta da aiki. Wanda ya tabbata an karɓe shi ba ya bukatar ya ɓoye kuskurensa ko ya yi ƙaryar arziki. Kowa ya san gidan da aka ci bashin jika ɗari-ɗari don kayan ɗaki da bikin kece raini, saboda tsoron abin da dangin miji za su ce, aka kuma shekara biyu ana biya. A ma'aunin wannan koyarwa, "me za a ce" ubangida ne mai tsanani, kuma ba a kuɓuta daga gare shi sai an samu wanda ra'ayinsa ya fi na mutane nauyi.

Ta uku ta shafi tsoron gobe da tsoron mutuwa. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, a sura ta 2, ta kwatanta tsoron mutuwa da bautar da ke bin mutum tsawon rayuwarsa. Duk azzalumi da wannan tsoron yake mulki. Kiristoci sun gaskata cewa Yesu ya mutu a kan gicciye ya kuma tashi a rana ta uku, abin da suke tunawa a bikin Ista, don haka mutuwa ba ita ce maganar ƙarshe ba. Abin koyinsu shi ne addu'ar da Linjila ta ce ya yi a lambun Getsamani a daren da aka kama shi. Ya roƙi a ɗauke masa wahalar da ke gabansa, sannan ya miƙa wuya ga nufin Allah. A wurinsu wannan miƙa wuya shi ne ƙololuwar ƴanci, domin yana da halin gudu, ya zaɓi tsayawa.

Inda aka haɗu da Musulunci da inda aka rabu

Mai karatu Musulmi zai ji wasu daga cikin waɗannan maganganu kamar na gida. Tawakkali ginshiƙi ne a Musulunci, Bahaushe na cewa dogaro ga Allah jari, kuma babu yabon da ya fi a ce da mutum bawan Allah. Malaman Musulunci su ma sun daɗe suna koyar da cewa cikakkiyar bauta ga Mahalicci ita ke kuɓutar da mutum daga bautar abin halitta da son zuciya. Bulus da kansa ya buɗe wasiƙarsa zuwa ga Romawa da kiran kansa bawa.

Amma akwai wuraren da hanya ta rabu, kuma ɓoye su ba ya amfanar kowa. Kiristoci na cewa raunin zaɓin ɗan Adam gado ne tun daga Adamu, Musulunci kuwa na koyar da cewa ana haihuwar kowane yaro da tsarkakakkiyar ɗabi'a kuma ba mai ɗaukar laifin wani. Kiristoci na ganin mutuwar Yesu a kan gicciye ita ce fansar da ta ƴanta su, Musulmi ba su yarda an gicciye Annabi Isa ba. Kiristoci na kiran Allah Uba, suna kiran masu bi ƴaƴansa, suna kuma bayyana cewa ba haihuwa ta jiki suke nufi ba, matsayi ne irin na yaron da aka ɗauka aka ba shi gado. Musulunci bai amince da wannan lafazi ba ko da a wannan ma'ana. Tambayar dai iri ɗaya ce a ɓangarorin biyu, amsoshin ne suka bambanta.

An kwance shi don ya yi hidima

Idan an ƴanta mutum, me zai yi da ƴancin? A sura ta 5 ta Galatiyawa, Bulus ya gargaɗi masu bi kada su mayar da shi lasisin biye wa son rai, ya ce su yi amfani da shi wajen yi wa juna hidima cikin ƙauna. A 1520 Bajamushe Martin Luther, wanda ya assasa tafarkin Furotesta, ya rubuta ɗan littafi a kan ƴancin Kirista, ya gina shi a kan maganganu biyu masu kama da kishiyoyi. Ta fuskar bangaskiya babu mahalukin da ke mulkin lamirin Kirista. Ta fuskar ƙauna kuwa yaron kowa ne. Hujjarsa ita ce wanda ba ya bukatar sayen ceto da ayyukansa, hannunsa ya samu sarari ya yi wa maƙwabci aiki ba da jiran sakamako ba.

Littafin Ayyukan Manzanni, sura ta 16, ya ba da labarin da ke nuna haka. An yi wa Bulus da abokinsa Sila bulala a birnin Filibi na ƙasar Girka ta yanzu, aka sa su a turu. Da tsakar dare girgizar ƙasa ta buɗe ƙofofin kurkukun. Mai gadi ya zare takobi zai kashe kansa, don ya ɗauka fursunoni sun tsere kuma shi za a tuhuma. Sai Bulus ya kira shi ya ce kowa na nan. Ƙofa a buɗe take, amma ran mai gadin ya sa suka zauna.

Katolika da Furotesta sun yi ƙarnoni suna saɓani a kan rabon da ƙoƙarin mutum ke da shi a cikin ceto. Luther ya rage shi matuƙa, Katolika na cewa mutum yana amsa alherin Allah da yardarsa, yana kuma ƙara samun ƴanci gwargwadon yadda yake aikata nagarta. Ranar 31 ga watan Oktoba na 1999, a birnin Augsburg na Jamus, fadar Vatikan da tarayyar majami'un Lutheran ta duniya suka sa hannu a kan sanarwar da ta amince cewa ceto kyautar Allah ce, ayyukan kirki kuma ƴaƴanta ne. A ƙasarmu, da irin wannan fahimta ma'aikatan mishan suka bayyana dalilin kafa asibitin Galmi a 1950, da cibiyar kula da masu cutar kuturta ta Danja kusa da Maraɗi, wuraren da mafi yawan majinyatansu Musulmi ne.

Sukar da ake yi wa koyarwar

Suka ta farko ita ce dogaro ga Allah na iya zama naɗe hannu. Kiristoci na amsawa da cewa Bulus ɗinkin tanti yake yi don ya ci da kansa, kuma ya umarci jama'ar Tasalonika kada su ciyar da wanda ya ƙi aiki da gangan. Wannan bai yi nisa da karin maganarmu ba, Allah ya ce tashi in taimake ka.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Karl Marx ya kwatanta addini da abin sa maye da ke sa talaka ya manta da zaluncin da ake yi masa, kuma tarihi ya ba shi hujjoji. Dokar bayi da Sarki Luwi na 14 na Faransa ya kafa a 1685 ta wajabta yi wa bayin tsibiran Faransa baftisma, a lokaci guda ta lissafa su cikin kayan mallaka. Masu gonakin auduga a Amurka sun yi ta karanta wa bayinsu ayoyin biyayya ga ubangida. Luther kansa, da manoman Jamus suka yi tawaye a 1525 suna kafa hujja da ƴancin Kirista, bayan sarakuna ya goya. Amma littafin nan ɗaya shi ne bayin Amurka suka karanta suka ga kansu a labarin Musa da Fir'auna, har suka laƙaba wa Harriet Tubman, wadda ta riƙa fitar da bayi zuwa arewa a ɓoye, sunan Musa. William Wilberforce, wanda ya jagoranci majalisar Birtaniya ta haramta cinikin bayi a 1807, da imaninsa na Kirista ya kafa hujja.

Labarin Josefin Bakhita ya nuna inda koyarwar ta dosa idan aka bi ta da gaskiya. An haife ta a Darfur ta ƙasar Sudan wajajen 1869, masu farautar bayi suka sace ta tana yarinya, firgici ya sa ta manta sunanta na yanka. Aka yi ta sayar da ita har ta faɗa hannun wani jami'in jakadancin Italiya a Khartum, aka kai ta Italiya tana renon ƴar wasu masu kuɗi. A gidan wasu mata masu hidimar coci a Venis ta koyi addini, ta riƙa kiran Allah da kalmar da ake kiran ubangida a yaren garin. Da uwargijiyarta ta zo mayar da ita Sudan, sai ta ce ba ta zuwa. Ranar 29 ga watan Nuwamba na 1889 hukuma ta yanke cewa dokar Italiya ba ta san bauta ba, don haka ƴa ce. Samun Ubangiji a sama shi ya ba ta ƙarfin cewa a'a ga uwargijiya a ƙasa. Ta rasu a 1947, Fafaroma Yohanna Bulus na 2 ya ayyana ta waliyya a 2000, kuma ranar tunawa da ita, 8 ga watan Fabrairu, ita ce ranar da Katolika ke addu'ar yaƙi da safarar mutane. Ƴancin zuciya bai maye gurbin na kotu ba. Nijar ma sai da ta sa bauta cikin manyan laifuffuka a 2003, kuma a 2008 kotun CEDEAO ta ba Hadijatou Mani gaskiya a ƙarar da ta kai ƙasar.

Suka ta uku daga cikin coci take fitowa. Akwai masu wa'azin da ke juya dogaro ga Allah ya koma dogaro gare su, suna alkawarin arziki da waraka ga wanda ya ba da kuɗi. Kiristoci da yawa na ganin wannan sabuwar bauta ce da aka yi wa rigar addini, domin ma'aunin koyarwar shi ne mutum ya rage tsoron ɗan Adam, har da fasto.

Abin da ya rage a hamada

Maccalli bai ɓoye cewa ya sha wuya ba. A hirarrakin da ya yi bayan sakinsa ya ce ya yi kuka, ya tambayi Allah dalilin da ya yashe shi, kuma ya daɗe bai ji amsa ba. Ba shi da Littafi Mai Tsarki, bai samu yin babbar ibadar Katolika ko sau ɗaya ba a tsawon shekaru biyun. Ya ƙulla wani ƙyalle ya mayar da shi carbi, da shi yake addu'a safe da yamma. Ya ce wata rana yana kallon sarƙar ƙafarsa sai ya lura cewa ba ta kai ga zuciyarsa ba. Ƙauyukan da ƙafarsa ba ta iya zuwa, addu'arsa na iya zuwa. Masu gadinsa kuma, waɗanda da yawansu samari ne ƙanana, suna iya hana shi tafiya, amma ba su iya tilasta masa ya ƙi su. Ya yanke shawarar yafe musu, kuma a ranar rabuwa ya yi wa shugabansu fatan Allah ya sa wata rana su gane cewa su duka ƴan'uwa ne.

Koyarwar ba ta yi wa kowa alkawarin dawowa gida ba. Béatrice Stöckli, ƴar mishan daga Suwizalan da aka sace a Timbuktu a 2016, a hannun masu garkuwa da ita ta mutu, kuma an sanar da labarin ne a makon da aka saki Maccalli. Abin da Kiristoci ke cewa shi ne mai bindiga na iya ƙwace motsi da lafiya da rai, amma ba ya iya zaɓa wa wanda ya dogara ga Allah abin da zai yi da zuciyarsa.

Ranar 9 ga watan Nuwamba na 2020 Fafaroma Francis ya karɓi Maccalli a Vatikan. Daga hamada ya fito da carbin ƙyallen nan, da ɗan gicciyen da ya sassaƙa da itace, da zobe guda na sarƙar da aka ɗaure shi da ita, wanda ya adana.